Cokalin Ƙarfe a Kwalbar Yaya

Garaje ba ƙarfi ba ne, kuma idan ya haɗu da son yabo, mai shi ya gama yawo. Abin da ya ci Dogo ke nan.

Yayarsa ce shugabar ɗakin gwaje-gwaje, ita ta jawo shi aikin. Ta daɗe tana renon wasu 'yan ƙwayoyi kamar gishiri a cikin kwalba, waɗanda ake haɗawa da wani ma'adini mai wuyar samu. So take ta gane ko ƙwayar za ta riƙe ƙarfin maganaɗisu idan na'ura ta sanyaya ta. Sau tari kwalba kan lalace. Wannan ɗaya ce ta yi kyau.

Dokar ɗakin ɗaya ce: ƙarfe ba ya taɓa ƙwayar, da cokalin roba ake ɗiba. Na'urar awon tana jin ƙarfe ko da burbushi ne, sai ta ɗauka ƙarfin ƙwayar ne.

Ranar da Yaya ta tafi taro, Dogo ya nemi cokalin roba bai gani ba. Ya ɗauki na ƙarfe mai ɗan tsatsa, ya kankari ƙwayar har gindin kwalbar, ya zuba kaɗan a na'ura. Na'ura ta nuna ƙarfin da ba a taɓa gani ba. Bai sake awo ba, bai jira kowa ba, ya aika wa abokan aikinsu na waje albishir, da sunan Yaya a sama.

Tana dawowa ta tarar da saƙonnin taya murna. Ita kuwa ta san ƙwayarta ba ta kai haka ba. Ta ɗaga kwalbar a hasken taga, ta goga maganaɗisu a jikin kwalbar. Baƙin burbushi ya biyo shi.

"Da me ka ɗiba?"

"Yaya, cokali ai cokali ne."

"A bakinka ba. Kalli nan. Tsatsar cokalinka ka auna, ka yi shela da sunana."

"To a tsince mana."

"Tsince? Zo ka tsince, tunda kai ne mai idon shaho. Na goya ka a bayana, yau ka goya mini abin kunya."

Da hannunta ta rubuta wa mutanen cewa labarin ƙarya ne. Ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. Ta juye kwalbar a kwandon shara mai guba, ta miƙa masa tafin hannu.

"Makulli."

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Dogo ya rasa makullin ɗakin. Ya rasa tafiyar karatun da Yaya ta nema masa, aka ba wani. An goge sunansa daga aikin. A gida kuwa, idan ya gaishe ta, amsawa take kamar baƙo ne ya yi sallama.