Turancin da Na Saya da Kaɗanya

A rumfata ta Kasuwar Kure muka ƙulla da Malam Silas, damunar 2011. Shi zai riƙa ba ni kalmomin Turanci biyar kowace safiya, da ma'anarsu da yadda ake faɗarsu, ni kuma in koya masa abu ɗaya daga sana'ata. Shi ya kawo shawarar. Ya ce makarantar kuɗin da yake koyarwa a Maitumbi ta rufe, zaman banza ya ishe shi. Na miƙa masa hannu ina jin na samu arha.

Ni Ndako, shekara talatin ina sayen ƙwarar kaɗanya a hannun mata, daga Paiko har ƙauyukan Bida. Aji uku na yi a firamare, kuma hakan bai taɓa hana ni cin tuwo ba. Sai wani kamfani daga Legas ya aiko yana neman wakili ɗaya tak da zai riƙa saya masa kaɗanya a jihar nan, kuma da Turanci za a yi intabiyu. Duk wanda ya samu, sauran dillalai a ƙarƙashinsa za su koma. Ni kuwa ban shirya tsufa a ƙarƙashin kowa ba.

Kalmar farko "moisture" ce, wai danshi. Kwana uku muna kokawa da ita. Da muka zo kan "thousand" sai ya ciro madubin babur ɗinsa ya riƙe mini, wai in ga harshena tsakanin haƙora. Kafayatu mai manja ta leƙo daga rumfarta.

"Baba Ndako, ko dasashi ke ciwo in kawo gishiri?"

Na ce mata ta jira, ran da na dawo da motar kamfani a baya za ta zauna da jarkokinta.

Ni ma ban rage shi da komai ba. Na nuna masa yadda ake ciza ƙwara a san ta bushe, da yadda ake girgiza ta kusa da kunne, da warin wadda aka shanya a kan hayaƙi. Na gaya masa ƙauyen da mata ke dafawa kafin shanya, da tsohuwar da za ka fara gaisarwa a kowane gari in kana son a buɗe maka rumbu. Duk yana rubutawa a littafi. Har dariya nake masa, mutum yana rubuta abin da haƙori ke sani.

Ranar intabiyu ya raka ni otal ɗin da za a yi, wai don ya ƙarfafa mini gwiwa. Wata yarinya ce ke tambayoyin, ba ta kai 'yata ta biyu ba. Na gaishe ta daidai. Na faɗi "moisture" har ta yi murmushi. Daga nan ta jero wata doguwar tambaya da sauri, ta hanci. Kalmomi na nan cike da bakina, amma babu zaren da zan ɗinke su. Ta tambaya ko akwai mai fassara, aka shigo da Silas.

In na faɗi magana ɗaya, sai ya faɗi goma. Ina jin sunayen ƙauyukana suna fita daga bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Na ji "experience", wadda ya ce mini gogewa ce, ya dafa ƙirjinsa. Na ji "elderly", wato dattijo, ya nuna ni da tausayi. Da a ce ban koyi komai ba, da na fito ina gode masa. Amma ya ba ni Turanci daidai wanda zan gane abin da ake yi mini, bai kai wanda zan tsayar da shi ba.

Bayan sati biyu ya tsaya gaban rumfata da farar motar fikof ta kamfani.

"Baba, wallahi ban nema ba. Su suka kira ni."

Ya ce in ina so, Paiko tawa ce, in riƙa kawo masa kaya. Na dubi katin da ya rataya a wuya, na haɗa baƙaƙen a hankali na karanta. Ya gyara mini faɗar. Bai ma san ya yi ba, sabo ne.

Na karɓi Paikon, ina da iyali. Matan Bida kuwa sun koma wajensa, tunda motarsa na zuwa har ƙofar gida, kuma ya san wadda zai fara gaisarwa. Ban ga laifinsu ba.

Kamfani ya samu kaɗanya mai kyau. Silas ya samu mota da ofis. Ni na yi asarar ƙauyuka goma sha ɗaya, na tashi da kalmomi ɗari biyu da ba ni da wanda zan faɗa wa.