Yau An Zage Ni

Shekara uku ke nan rabon Malam Maharazu da a zage shi, kuma abin yana ci masa rai.

Mai zagin nasa Shafa'atu ce, matarsa. Ita Bakanuwa, shi Bazazzagi, kun ga abokan wasa ne tun kafin a ɗaura musu aure. Shekara talatin da ɗaya a flat ɗinsu na Woolwich, ba ta taɓa ajiye masa kwano ba sai ta ce, "Ga shi nan, bawan gidanmu, ci ka yi godiya." Shi kuma ya ce ai Bakano ko gaisuwa ya yi maka, duba aljihunka. Ranar da aka kai ta makwancinta aka rufe har da wannan baki. 'Yarsu guda, Ameera, tana aiki a Manchester. Takan kira shi ran Lahadi, ya yi mata Hausa, ta mayar masa da Turanci, cikin ladabi. A masallaci kuwa, tunda ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwajen asibiti, daga "Baba sannu" sai "Baba ga kujera". Girmamawa ta kewaye shi ta ko'ina, ba mai matsowa kusa.

Don ya rage zaman ɗaki ya nemi ɗan fili a lambun da council, wato ƙaramar hukuma, ke yanka wa mutane, can bisa tudu, inda kowa ke da 'yar gonarsa da ba ta fi tsakar gida ba. Ya samu, ya shuka alayyafo da albasa da wake. A nan ya haɗu da tsofaffi huɗu masu shan shayi a rumfar katako duk safiyar Lahadi. Da can a wurinsa duk fari Bature ne, duk ƙasar kuma Ingila. Sai da ya zauna da waɗannan ya san ya daɗe yana kwasar zunubi. Clive ne kaɗai ɗan Ingila. Murdo ɗan Scotland ne, in ka kuskura ka ce masa Ba'ingile sai ya ajiye kofi ya karanta maka tarihi. Nuala, mai butar shayin, 'yar Ireland ce. Sai Emrys, maƙwabcin gonarsa, tsohon direban jirgin ƙasa ɗan Wales, mai shekara saba'in da takwas, wanda ba ya shuka komai da muhimmanci kamar wata albasa mai dogon wuya da ake kira leek, alamar ƙasarsu.

Ba sa gaisawa sai da zagi. Murdo ya ce Clive jikan ɓarayin ƙasa ne. Clive ya ce Murdo ba ya sayen biskit don kada hannunsa ya san hanyar aljihu. Nuala ta ce su duka biyun Allah ya shirye su, shekara ɗari takwas suna damun mutane. In Emrys ya ɗaga waya ya yi wa ƙanwarsa yarensu, sai Clive ya ce a ba shi ruwa, ƙashin kifi ya maƙale masa. Emrys ya rufe bakin wayar ya ce, "Muna rera waƙa da wannan harshe tun kakanninka suna neman kwale-kwalen da za su tsallako wannan tsibiri." A bushe da dariya. To, da sun juyo kan Maharazu sai murya ta sauka. "Barka da safiya, Maharazu. Sukari nawa?" Shi ke nan.

Yakan riƙe kofinsa a bakin rumfa yana kallonsu, kishi na cin sa. Ai wannan wasan dangi ne, ya ce a ransa, irin na Kanawa da Zazzagawa, irin na Fulani da Barebari. Ashe Turawa ma suna da shi! Kuma shi gwani ne a wannan fage. Abin da ya rage kawai ya zaɓi ɓangare, don ba a wasa a tsakiya. Ya duba, a Ingila yake zaune, a nan ya yi aiki, a nan ya binne matarsa. Sai ya shiga kasuwar Woolwich ya sayo farin mayafin wuya mai jan fure, irin na magoya bayan Ingila.

Lokacin gasar ƙwallon rugby ne, wadda ƙasashen nan ke gwabzawa duk ƙarshen hunturu. Ranar Asabar Ingila ta lallasa Wales. Ran Lahadi Maharazu ya hau tudu da mayafinsa, zuciyarsa na rawa kamar ta ango. Clive ya tafa masa. Murdo ya yi tsaki. Ana cikin shayi wayar Emrys ta yi ƙara, ya yi yarensa, ya kashe. Maharazu ya gyara murya, ya zaro zagi mafi daɗi da ya sani, wanda aka shekara talatin ana yi masa da ƙauna.

"Emrys," ya ce da Turanci, yana dariya, "ka bar wahalar da maƙogwaronka da wannan yare. An ci ku jiya, an ci ku tun da can. Ku bayinmu ne. Bawa kuwa harshen ubangidansa yake yi."

Ba wanda ya yi dariya. Clive ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Nuala ta tsaya da buta a hannu. Emrys ya dubi mayafin, ya dubi fuskar Maharazu, ya ɗauraye kofinsa a tsanake, ya rataye shi, ya fita.

Magana zarar bunu ce. Da ma a ce Emrys ya daina yi masa magana, da da sauƙi. A'a, sai ya ƙara ladabi. Daga ranar ya koma kiransa da sunan mahaifinsa, "Barka da safiya, Mista Tanimu," ya ɗan taɓa hula, ya juya ga shukarsa. In Maharazu ya shigo rumfa sai zage-zagen su mutu, a koma zancen ruwan sama. Ya je neman shiga wasa ya kashe wa mutane wasansu. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ga shi yana ta tsalle ya kasa fita. Ya daina zuwa shan shayi. Yakan zo da rana tsaka lokacin da ba kowa, ya yi cirar ciyawa, ya koma flat ya kunna rediyo don a sami mai magana a ɗakin. Maris ya wuce a haka, Afrilu da Mayu ma.

A watan Yuni ya iske Emrys shi kaɗai a durƙushe, yana dashen leek. Maharazu ya tsaya a kan iyakar gonakinsu, ya cire hula.

"Na zo ba ka haƙuri," ya ce. "Na ɗauka wasa kuke, na shiga ba a gayyace ni ba."

"Wasa muke," in ji Emrys, bai ɗago ba. "Clive ya zage ni shekara ashirin. Amma shi ya ɗauki akwatin gawar matata. Kuma ko shi akwai inda yake tsayawa." Ya soka sanda a ƙasa, ya zare. "Kakata tana yarinya, in an ji ta yi yarenmu a makaranta sai a rataya mata guntun katako a wuya. Ba za a cire ba sai ta jiyo wata ta yi, ta miƙa mata. Wadda aka tashi yana wuyanta ita ke shan duka. Har ta mutu, in za ta yi mana yaren sai ta waiga tukuna."

Maharazu ya zauna a kan bokitin da ke kife.

"Mu namu ƙashin saniya ne," ya ce. "An huda shi an zura igiya. A makarantar kwana, in ka yi Hausa sai a rataya maka. Ni na fi kowa iya laɓe. Ina jin abokina ya yi suɓul da baka sai in ruga in sa masa." Ya murza hularsa a hannu. "'Yata ma ni na ce a riƙa yi mata Turanci a gida, don kada a raina ta. Yanzu tana ji, ba ta mayarwa."

Emrys ya dakata da sandar. Sai Maharazu ya ci gaba, ya ba shi labarin Kanawa da Zazzagawa, yadda kowa ke cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ba a fushi, sarki ma bai tsira ba. Ya gaya masa abin da Shafa'atu ke faɗa in ta ajiye kwano. "Kalmar da na jefe ka da ita, ita ce mafi daɗi da aka taɓa kira na da ita. Tunda ta rasu kowa girmama ni yake yi. Na gaji, Emrys. Kaɗaici ne ya sa ni."

Emrys bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Can ya tsamo damin 'ya'yan leek daga cikin ruwa, sirara kamar tsinken tsintsiya, ya miƙa masa ta kan iyaka. "Sun yi mini yawa," ya ce, ya koma aikinsa.

Maharazu ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗauko fartanyarsa da ya taho da ita tun daga Zariya, ya ja kunya mai kyau, ya dasa su ɗaya bayan ɗaya, ya tura ƙasa, ya danne gindin kowanne da dunduniya yadda ake wa dashen albasa a fadama. Bai san cewa su leek rami ake yi musu da sanda ba, a jefa su ciki, a cika da ruwa, a bar ƙasa ta rufe da kanta. Yana kan na goma sha biyu ya ji inuwa a kansa.

"Me kake yi haka?" Emrys ne, hannu a ƙugu. "Shuka na ba ka ko mushen kyanwa? Dube shi, yana tattake su kamar sun ci masa laifi! Mayafin nan ne ya shiga kanka. Shekara talatin a ƙasar nan, ba abin da ka koya wurin su Clive sai danne na ƙasa da kai. Kauce, jaki kawai, kafin ka kashe mini sauran."

Maharazu ya kauce. Ya so ya rama, zagin ma ya zo masa har baki, amma bai fito ba. Ya tsaya riƙe da butar ban-ruwa yana zubawa inda aka nuna masa, yana dariya, yana share ido da gefen hannu. Emrys ya yi kamar bai gani ba, ya ƙara masa da cewa ko ruwan ma bai iya zubawa ba.

A bas ɗin komawa ya ƙagu ya isa gida. Ko takalmi bai cire ba ya kira Ameera, duk da ba Lahadi ba ce.

"Ameera, albishirinki! Yau an zage ni. Wani Bature ya ce mini jaki."

"What? Baba, who?" Ta ci gaba da Turanci da sauri. A ina? Akwai shaidu? Ya rubuta sunan mutumin, gobe za ta yi report a council, in ta kama ta taho London.

"A'a, ba ki gane ba. Irin na mamanki ne."

Ya ji tana neman abin da yake nufi, kuma ya san laifin wa ne da ba ta same shi ba. Ta tambaye shi a hankali ko yana shan maganinsa kan lokaci. Ya ce yana sha. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ta ce amin, kalma ɗaya da ba ta taɓa juya masa zuwa Turanci ba.

Ya ajiye wayar. Ya ɗumama tuwon jiya, ya kawo kwanon teburi, ya zauna yana fuskantar kujerar da ba kowa. Ƙasar lambu na nan a faratansa.

"Bakanuwa," ya ce, "na samu wani ubangidan. Amma bai kai ki iya zagi ba."

Ya ɗan jira, kamar yadda ya saba jira, sannan ya yi bisimilla.