Gyarana Da Sunan Yaya

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don ban saba faɗin laifin na gaba da ni ba.

A aji shida na firamare karatuna ya tsaya. Yaya ne ya koya mini kwamfuta da tsohuwar laftof ɗinsa mai fasasshen gilashi, shi ne kuma ya samo mini aikin wucin gadi a ofishinsu, ina shigar da bayanai. Aikin ofishin fitar da farashin takardun lamuni ne. Suna amfani da wani laburare na kyauta, wato tarin lissafi da mutane daga ƙasashe daban-daban suka rubuta suka sa a intanet, kowa ya ɗauka, kowa ya gyara. Teburin su Yaya da yaren kwamfuta na Python suke sa shi aiki, teburin Anti mai tabarau kuma da Java.

Ranar Litinin tebur biyun suka fitar da farashi biyu ga takarda ɗaya.

"Yarenku na 'yan koyo ne ai," in ji Anti.

"Naku kuma na tsofaffi, kafin ya miƙe an tashi daga aiki," in ji Yaya.

Ana ta dariya, Manaja kuwa ko murmushi. Ni kuwa ina duba kwanakin watan da na shigar da hannuna. Na rubuta Maris, a wajen Anti ya fito Fabrairu. Kwana biyu ina bin abin kafin na gane. A tsarin da Anti take amfani da shi daga sifili ake fara ƙirga watanni, mahaɗin da ke kai saƙonta ga laburaren kuma ba ya ƙara ɗaya. Na rubuta gyaran, layi huɗu da gwajinsa, na nuna wa Yaya a ƙasan bene.

Al'adar masu laburaren ita ce duk wanda aka karɓi gyaransa, sunansa zai zauna a jikin aikin har abada. Ƙarshen wata aikina zai ƙare, Manaja kuma ya riga ya gaya mini ba zai iya tabbatar da ni ba sai da wata shaida da zai nuna wa na sama, tunda ba ni da takardar makaranta.

"Kawo in tura miki," in ji Yaya. "Ba ki yi rajista da su ba."

Ranar Alhamis aka karɓi gyaran. Manaja ya tara mu ya juyo da fuskar kwamfutarsa, aka yi tafi. Sunan Yaya ne a wurin, shi kaɗai. Ya karɓi gaisuwar kowa bai kalli inda nake ba.

A cikin bas ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Auta, kumburin me kike yi?"

"Cewa ka yi za ka tura mini."

"To ban tura ba? Sunana da naki duk na gida ɗaya ne. In aka ƙara mini matsayi ni zan riƙe ki. Kuma tsakani da Allah, wa zai yarda 'yar firamare ce ta gano wannan?"

Na juya ina kallon titi har muka sauka.

Muna gama cin abinci a gida ya turo mini laftof. Ɗaya daga cikin masu kula da laburaren ya yi tambaya a ƙarƙashin gyaran: in watan Janairu ne, wanda lambarsa sifili, me zai faru? Yaya ya karanta ya sake karantawa, yana sosa ƙeya.

"Rubuta musu amsa, kin fi ni saurin hannu."

"Kaina ke ciwo."

"Yayanki ne fa," in ji Umma daga ƙofar kicin.

"Na sani, Umma."

Washegari na riga kowa zuwa ofis. Na yi rajista da cikakken sunana, na rubuta amsar a ƙarƙashin tambayar da guntun Turancina, na ƙara da cewa ni na rubuta gyaran, duk mai wata tambaya ya yi mini. Na buga shafin a takarda na ajiye a teburin Manaja. Sannan na koma kujerata na ci gaba da shigar da bayanai, ina jin takun Yaya yana hawowa bene.