Gwangwanin Barbaɗe

Mai Burodi ya janyo farantin daga obin, ya tsaya yana kallo kamar wanda aka yi wa albishir bai gama gaskatawa ba. Donat goma sha biyu, sun tashi ɓul-ɓul, bayansu ya yi ja. Ya danna ɗaya da yatsa, ya lotsa, ya dawo.

"Tsohuwa! Zo ki ga ikon Allah!"

Matarsa ta leƙo kicin tana gyara ɗankwali. "Yau kuma duwatsu nawa muka samu? Na jiya ai da ka jefi kare da shi, da yanzu muna gaban alƙali."

Ya gutsura ya miƙa mata. Ta tauna, ta sake taunawa, tsiyar ta ƙare.

Shekara talatin da takwas ya yi a gidan burodi kafin gwiwa ta zaunar da shi, kuma a ganinsa babu abin da fulawa za ta ɓoye masa. Sai ga likita ya ce jikarsa, Tsuntsuwa, ƴar shekara bakwai, hanjinta ba ya shiri da alkama ko ta misƙala zarratin. Abin nan da ke sa kwaɓi danƙo, wanda ya yi rayuwarsa yana lallashi, shi ne gubarta. Tsohon ya ji, amma bai yarda ba. Wata takwas da suka wuce ya ɓantaro mata gefen burodi a ɓoye, yana cewa, "Ɗan wannan me zai yi?" Kwana uku ta yi a gadon asibiti.

A bakin ɗakin jinya uwarta, ƴarsa Auta, ta dube shi ba hayaniya. "Baba, ba za ta ƙara cin komai a gidanka ba."

Kuma ta cika. Suna zuwa gaisuwa, amma da kular abincin yarinyar a hannu, su yi rabin awa a falo su tafi. Kular nan, shuɗiya mai hoton zomo, ya tsane ta fiye da ciwon gwiwarsa. Mutumin da ya ciyar da unguwa guda, a ce jikarsa sai da guzuri take shigo masa gida! Abin yana cinsa, ba ya faɗa.

Shi ya sa ya koma ɗan koyo da furfurarsa. Garin shinkafa, sitacin dankali, ƙwai, yis. Ya sayi sabon kwano, sabuwar rariya, sabuwar muciya, ya kwashe buhun fulawa ya kai ɗakin ajiya. Kwaɓin kuwa ba ya jin magana, ka ja shi ya tsinke, ka murza shi ya manne maka. Mako uku yana fama. Da ƙyar Tsohuwa ta shawo kan Auta ta ce to, ranar Asabar za su zo, za ta gani. Ga Asabar ɗin, ga donat.

Yana ƴar waƙarsa ya ɗauki tsumma zai goge tebur. Kafin ya goge, ya shafi ragowar garin da ya barbaɗa lokacin murza kwaɓi, ya mutsuttsuka tsakanin yatsu, don kawai hannu ya saba. Waƙar ta tsaya.

Garin shinkafa yana da ɗan tsakitsaki, ko makaho ya sani. Wannan kuwa laushi ne da shi, sulɓi, irin wanda yatsunsa suka sani tun yana saurayi.

Ya sunkuya. A ƙarƙashin tebur, ta hannun dama, ga ɗan gwangwanin barbaɗe na fulawa rataye a ƙusa. Haka ya rataye shi a gidan burodi, haka ya rataye shi a nan, don hannu ya kai ba sai ido ya duba ba. Ya wanke kicin kaf, bai gan shi ba, don ya daɗe da daina ganinsa. Da kwaɓi ya manne ɗazu, hannu ya yi aikinsa bai yi shawara da kowa ba.

Ya zauna a kan kujera. Barbaɗe biyu ne, ko uku. Babu wanda ya gani. Fari ne, wancan ma fari ne. A zuciyarsa wata murya ta ce, ɗan wannan me zai yi? Ya gane muryar sarai, tasa ce.

Sai ga ƙarar mota a ƙofar gida.

"Kaka! Na ji ƙamshi tun daga waje!" Tsuntsuwa ta shigo a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya yi wuf ya ɗaga farantin sama da kansa.

"Tsaya, ƴar nan. Wannan ba naki ba ne."

"Mama ta ce nawa ne! Kaka, rowa za ka yi mini?"

Ta ga ba wasa yake ba, baki ya fara rawa, hawaye ya zubo. Da a ce wuƙa ta soka masa, da ya fi sauƙi.

Auta ta tsaya a ƙofa, kular zomo a hannunta. "Baba, lafiya?"

Ya ajiye farantin a saman kabad, ya ciro gwangwanin ya ɗora a tebur. "Na barbaɗa fulawa, Auta. Ban sani ba, sai yanzu. Hannu ne." Ya dubi hannun. "Kada ta taɓa komai a nan. Ki kai ta falo."

Auta ta dubi gwangwanin, ta dubi sabon kwano da takardar kanti ba a ma ɓare ba. Ta miƙa hannu ta ɗauko donat ɗaya, ta juya shi.

"Da ba ka faɗa ba, ba zan gane ba."

"Cikinta zai gane."

Ta gutsura, ta daɗe tana taunawa, tana kallon taga. "Ya yi daɗi, Baba," ta ce. Ta miƙa wa Tsohuwa yarinyar, ta naɗe hannun riga. "Akwai sauran garin shinkafa?"

Su biyu suka wanke teburin sau uku da ruwan zafi, da kwano, da faranti, da ƙasan kicin. Ya sauya riga, ta sa shi ya goge ƙarƙashin farce da buroshi kamar yadda yake sa ta tana ƙarama. Da kansa ya ɗauko filaya ya zare ƙusar. Tsohuwa ta fita da donat ɗin gidan maƙwabta tana cewa yau sun tashi da sa'a.

Da komai ya bushe, Auta ta kira Tsuntsuwa, ta ɗora ta kan kujera kusa da shi. "Ke ce mai gadi. In hannun Kaka ya yi ƙasan tebur, ki buge shi."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi."

Ta duba agogo ta ce tana da sayayya, sai la'asar za ta dawo. Yana fasa ƙwai ya hango ta ta taga tana buɗe mota, shuɗin abin nan yana lilo a hannunta. Ya leƙa da sauri.

"Auta! Kin tafi da kularta!"

"Na sani, Baba," ta ce, ta sa ta a kujerar baya ta rufe ƙofa.