Shirun da Mushe Tijjani Ya Yanke

Shekara goma sha ɗaya Mushe Tijjani ya yi yana koya wa yara faransanci a wata lakwal ta Magariya, makarantar boko inda ake ce wa malami mushe, amma kalma guda mai harafi huɗu ta kayar da shi har kwana uku. Matarsa Safiyatu kuwa ba ta da niyyar barinsa ya manta.

Daga wurin Faruk abin ya faro, abokinsa tun suna makarantar koyon malanta, wanda yanzu yake haɗa tallace-tallacen rediyo a Damagaram. Faruk ya sayi sababbin kayan aiki, sai ya ɗaure tsofaffin a kwali ya ba wani direba ya kawo wa Tijjani. A ciki akwai mikro ɗaya, da kas na sawa a kunne, da ɗan akwatin da ke haɗa mikro da ordinatar, wato kwamfuta, da ƙaramin kilabiye irin na makaɗa, mai haƙora farare da baƙaƙe. Ordinatar dama Tijjani yana da tasa, tsohuwa, wadda yake buga wa yara jarrabawa da ita. Ta salula Faruk ya bi da shi har suka sa manhajar ɗaukar sauti. Da za su yi sallama ya ce, "Af, kilabiyen nan fa ba ya kuka da kansa, sai da midi."

To, a Magariya ko ɗan yaye ya san midi, tsakar rana ce. Tijjani bai ga abin tambaya a nan ba, don gidansa da pano mai ɗaukar hasken rana yake aiki, kuma sai rana ta take batir ke cika. Ya ce a ransa lallai abin mai cin wuta ne. Kwana uku a jere, ana tashin yara sai ya hau babur ya taho gida, ko riga bai tuɓe ba ya zauna yana danna haƙoran nan. Ko tari ba su yi ba. Ran na uku Safiyatu ta leƙo daga ƙofa da ludayi a hannu ta ce, "Mushe, ko dai midin Faransa yake jira?"

Da ya kira Faruk ya faɗa masa, sai da Faruk ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce wannan MIDI ba rana ba ce, hanya ce da kilabiye ke gaya wa ordinatar wane haƙori aka danna, yaushe, da wane ƙarfi. Babu sauti a cikinta ko kaɗan, ordinatar ce ke zaɓen ko ta fito da shi kalangu ko algaita. Akwai wayarta a cikin kwalin. Aka nemi waya aka rasa, sai can aka same ta a ɗaure da bakin buhun wake, aikin Safiyatu.

Ba waƙa Tijjani yake son koya ba, shi da ko a taron suna ba ya ɗaga murya. Abu ɗaya ne ya sa shi wannan wahala. Mahaifiyarsa, Zinariya, ta rasu bara bayan damina. Shekara biyu kafin haka ta zo Magariya daga ƙauyensu na can wajen Yekuwa, ta ga ana kai gero injin niƙa, ta ce ita furar inji ba ta zama mata a ciki. Ta jawo turmi tsakar gida ta hau daka tana waƙa. Safiyatu ta laɓe a ƙofar madafa ta ɗauke ta da salula, minti uku da ɗan wani abu. Daga baya salular ta faɗa cikin bokitin ruwa, amma Allah ya sa Tijjani ya riga ya kwashe muryar ya sa a ordinatar. Ban da wannan, babu muryar Zinariya a ko'ina. Yana so ya gyara ta ya ajiye wa 'yarsa mai wata takwas, wadda ta ci sunan kakarta, suke kiranta Ummi.

Ya ɗora muryar a layi na ɗaya. Manhajar tana zana sauti a jere kamar kunyoyin gona, inda murya ta tashi zanen ya yi tudu, inda aka yi shiru ya kwanta. Waƙar ita kanta bai taɓa gane kanta ba. Tsohuwar za ta ce, "Ba ni ba ce, kaza ce," sai ta yi shiru, taɓarya kawai ke sauka. Can ta ce, "Na wanke, bushewa ya yi," sai wani shirun. A cikin shirun ana jin numfashinta, kuma wannan numfashi ne ya dame shi. Ciwon ƙirji ne ya tafi da ita. Duk sa'ad da ya zo wurin sai ya ga kamar ciwon ne yake ji tun yana tahowa, su kuma ba su lura ba. Ba ya so Ummi ta girma ta ji kakarta tana haki.

Ya ɗauki almakashin manhaja ya bi shirun ɗaya bayan ɗaya, guda goma sha ɗaya, ya yanke, ya matso da guntayen suka haɗe. Minti uku suka koma ɗaya da rabi. A layi na biyu ya kunna ɗan agogon nan mai tik-tik, ya danna kalangu da kilabiye, ya sa manhajar ta daidaita bugun kada ya kauce. Sati biyu ya yi a kai. Da ordinatar ta fara kukan ta cika, ya bi tarkace yana gogewa, ya haɗa da tsohon kwafin muryar, tunda ga gyararre a hannu.

Ana haka Inna Ƙande ta zo. Ita ce yayar Zinariya, uwa ɗaya uba ɗaya, ta haura saba'in amma har yanzu ita ke ɗebo ruwanta. Amalanke ya kawo ta bakin hanya, mota ta ƙaraso da ita, don a duba mata ido a likita. Ta faɗa tun daga zaure cewa kwana biyu za ta yi, ran Lahadi za ta bi motar midi, akuyarta na gab da haihuwa.

Ran Asabar bayan la'asar Tijjani ya shimfiɗa mata tabarma a ɗakin ordinatar, ya kunna. Ya tsaya a gefe yana jiran hawaye. Inna Ƙande ta saurara har ƙarshe fuskarta ba ta motsa ba.

"Sake," ta ce.

Ya sake.

"Muryarta ce. Amma wa ke korar ta haka? Kuma wane ne wannan mai kalangun da ba ya numfashi?"

"Ni na sa, Inna. Na'ura ce."

"Cire shi. Biki ake yi?"

Ya kashe layi na biyu. Ta sake saurara, ta karkata kunne wajen lasifika, sannan ta juyo da idonta mai kyaun ta dube shi.

"Tijjani, ina wurina?"

Bai gane ba. Ta yi masa bayani yadda ake yi wa yaro mai taurin kai. Waƙar ta mutum biyu ce, su suka ƙaga abarsu suna 'yan mata, a turmi ɗaya, taɓarya biyu, wannan ta sauka wannan ta tashi. Zinariya tun tana ƙarama gwanar zillewa aiki ce, shi ya sa ita Ƙande ke tambaya, Zinariya na amsawa. Abin da Safiyatu ta ɗauka amshi ne kawai.

"Ko ita kaɗai take daka ba ta shiga wurina," in ji Inna Ƙande. "Sai ta yi shiru ta bar ni na gama a ranta, sannan ta amsa. Ni ma haka nake yi a gida. Kai ka ce haki take? Uwarka da ke dake kwano uku ba ta zauna ba?"

Tijjani ya juya ga ordinatar ya danna alamar komawa baya, ta koma taki biyu ta tsaya, don ya rufe aikin ya buɗe ya fi sau ashirin. Ya duba kwandon shara na ordinatar, wayam, shi da hannunsa ya zubar. Ya kira Faruk, salula a kashe. Ya sake kira har sau shida. Inna Ƙande ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tashi ta kaɗe zanenta ta ce, "Ba komai, ai ba da gangan ka yi ba," ta fita wajen Safiyatu. Kunya da baƙin ciki suka hana shi cin tuwon ranar.

Sai da hantsi ya ɗaga ran Lahadi Faruk ya kira, wai ya je ƙauye ne inda babu rezon salula. Tijjani ya faɗa masa komai a tsaye, bai ko gaishe shi da kyau ba.

"Da almakashin cikin manhajar ka yanke?" in ji Faruk.

"Da shi."

"To ba ka yanke komai ba, naɗewa ka yi. Ranar da ka ɗora muryar a layi, manhajar ta ajiye nata kwafin cikakke. Matsar da guntayen, ka kama gefen na farko ka ja dama."

Tijjani ya kama ya ja. Zanen ya warware kamar tabarma, ga shirun nan kwance inda ya bar shi, da saukar taɓarya, da numfashin. Ya goge sauran guntayen goma sha ɗaya, ya ci gaba da jan na farkon har ya kai minti uku da daƙiƙa goma sha huɗu. Ya ce alhamdu lillahi a hankali, ya duba agogo. Ƙarfe goma saura.

Ya rataya barguna biyu a taga saboda ƙarar 'yan kabu-kabu. Ya share kalangun daga layi na biyu, ya yi wa Inna Ƙande bayani cewa za a ɗauki muryarta ita kaɗai a layi na biyu, dakan kuma daga baya a layi na uku, haka masu aikin ke yi. Ta ce masu aikin su yi ta yi, ita ba ta waƙar daka hannu sake, kuma ba ta dukan turmi babu komai a ciki. Dole aka mirgino turmi har cikin ɗaki, Safiyatu ta zubo gero, ta koma bakin ƙofa da Ummi a goye. Tijjani ya ɗaure mikro a jikin kujera nesa da turmin kaɗan, ya ɗora wa tsohuwa kas a kan ɗankwali. Ta ce abin ya matse mata kunne kamar ɗan kunnen aro. Ya cire wayar lasifika ya soka ƙaramin abin kunnensa a ɗaya ramin, ya danna jan maɓalli.

Taɓaryar Zinariya ta sauka. Inna Ƙande ta bar ta ta yi uku, a ta huɗu ta shiga tsakani, kuma daga nan ba ta ƙara kuskure ko ɗaya ba. Inda Zinariya ta ja da baya ita ma ta ja, inda ta ƙara sauri ta bi ta. Shirun farko ya zo, ta ɗaga murya.

"Wa ya shanye furar Baba?"

"Ba ni ba ce, kaza ce," in ji Zinariya.

"Wa ya bar ƙwarya da dauɗa?"

"Na wanke, bushewa ya yi."

Kowace tambaya ta shiga wurinta daidai, ba ragi ba ƙari, har da numfashin da Tijjani ya ɗauka haki ne, ashe shirin amsawa take yi. Safiyatu da ke jin rabin Inna Ƙande kawai ta rufe baki tana dariya. Tijjani da ke jin duka biyun bai iya dariya ba.

"Ƙanwata, kina ina ne?"

"Ga ni, Yaya, ban je ko'ina ba."

Taɓaryar Inna Ƙande ta ɗan yi jinkiri a sama, sannan ta sauka. A nan ne ɗaukar Safiyatu ta ƙare, ranar Ummi ba ta zo duniya ba tukuna, tukunya ce ta tafaso ta ajiye salular. Zanen layi na ɗaya ya yanke. Amma waƙar da saura baiti ɗaya, kuma Inna Ƙande ta riga ta ɗauko shi.

"In na gaji, wa zai karɓe ni?"

Ba amsa. Ta ci gaba da daka ita kaɗai, tana barin wurin taɓarya ta biyu, har tsawon amshin ya cika. Sannan ta jingine taɓaryar a bango, ta cire kas ɗin ta miƙa masa. Ta share fuska da bakin mayafi, ta ce maganin da likita ya ɗiga mata ne ke sa idon ruwa.

Tijjani ya tsayar da ɗauka. Hannunsa ya kai kan wutsiyar layin, inda babu komai sai taɓarya ɗaya.

"Kar ka taɓa wannan," ta ce. "Na san hannunka."

"Ba zan taɓa ba, Inna. Me take cewa a nan?"

"Ba kai zan faɗa wa ba. Ka kawo min takwararta Yekuwa in ta iya riƙe taɓarya. In ka tarar ba na nan, na faɗa wa matarka jiya a madafa."

Ta leƙa turmin ta ce geron bai daku ba, Safiyatu ta ƙarasa. Ta ɗauki ƙullin kayanta, don midi ta kusa kuma direba ba ya jiran kowa.

Kafin ya tayar da babur ya kai ta tasha, Tijjani ya koma ɗaki ya buɗe layi na uku a ƙarƙashin na Inna Ƙande. Ya rubuta masa Ummi, ya bar shi babu komai a ciki, ya ajiye aikin a wuri biyu.