Mai Sunan Kakansa

Ranar Litinin da hantsi wayar Larai ta yi ƙara tana tsakiyar tankaɗe. Ɗanta na fari ne daga Katsina. An ɗauke shi makarantar koyon aikin lafiya, amma sun ce babu rajista sai da takardar shaidar haihuwa, kuma ranar Alhamis da azahar za su rufe. Wanda bai kawo ba, a ba wani gurbinsa, ga mutane a bayansa suna ta addu'ar kada ya kawo.

"Inna, ba sai kin je ofis ba," in ji shi. "Yanzu ta intanet ake yi. Ki ɗauki katinki na ɗan ƙasa ki tafi shagon Gide. Ni in na bar layin nan, an gama da ni."

Larai ba ta san intanet ba, amma ta san bencin ofis, don haka ta zaɓi wanda ba ta sani ba. Ta karkaɗe garin hannunta, ta zura hijabi, ta bar rariya a cikin kwano.

A Mairuwa aka haifi yaron, a ɗakin kakarsa, shekara ashirin da ɗaya da suka wuce. A lokacin ba wanda ya ga dalilin sanar da gwamnati abin da duk unguwa ta riga ta ji. Da mijinta ya rasu, kwanan ƙauye kuma ya koma na ido biyu saboda 'yan bindiga, sai ta kwaso yaranta ta dawo cikin garin Kankara. A duk shekarun nan ba ta taɓa faɗin sunan yaron ba. Ɗan fari ne, wannan kunya ɗaya. Sunan mahaifin mijinta aka sa masa, wannan kunya ta biyu. In yana kusa, "kai" ne. In yana nesa, "wancan". Ya girma a haka, bai rame ba.

Shagon Gide yana bakin tasha, da kwamfuta ɗaya da firinta da wayoyin mutane jere a caji. Gide ɗan Pauwa ne, garin su Larai, kuma irin mutanen nan ne da suke amsa tambaya kafin a gama yin ta.

"Yaya Larai, minti biyar," ya ce. "Ofis kuma ai sai tsofaffi."

Minti biyar ɗin ya kai su azahar. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar kwamfutar. Gide ya fita da wayarsa ya ɗaga ta sama kamar mai neman ganin wata, ya dawo, ya sake fita. Larai ta zauna, ta tashi, ta leƙa titi, ta dawo ta zauna a wata kujerar, ko ta fi sa'a. Can dai fom ya buɗe. Ta faɗi sunanta da na mijinta, ta faɗi shekara da wata. Gide ya ɗago.

"Sunan yaro?"

Akwai maza uku a shagon suna jiran caji. Larai ta kalli ƙafarta.

"Mai sunan kakanshi ne."

"Af, to ai shi ke nan. Wa bai san Malam ba?"

Ya buga, ya juyo mata da fuskar kwamfutar don ta duba. Larai ta yi allo har ta sauke, amma boko ba ta san ko harafin farko ba. Ta dubi rubutun da natsuwa, ta ce ya yi. Ya ɗauki hotonta riƙe da kati, firinta ta yi tari ta fito da takarda, ya tura wa yaron hotonta ta waya. Larai ta koma gida tana jin intanet abu ne mai ladabi, tunda bai matsa mata ba.

Washegari tun kafin ta hura wuta waya ta yi ƙara.

"Inna, wane ne Nasir?"

"Wane irin zance ne wannan? Babana mana."

"To shi aka haifa a takardar nan. Duk takardun makarantata suna ɗaya, wannan suna daban. Sun ce ko dai ni ba ni ba ne, ko takardar ba tawa ba ce."

Ta isa shagon Gide da takalmi wari da wari. Gide ya karanta, ya sosa ƙeya. Shi Malam Nasir na Pauwa ya sani, mahaifin Larai. Kakan Mairuwa ko a hanya bai taɓa gamuwa da shi ba.

"Amma Yaya, ke ma da kin ce na wajen uba."

"Da kai ka tambaya. Goge ka sa na daidai."

"Ai ya riga ya tafi."

"Ina ya tafi? Ba ga shi nan a akwatinka ba?"

Ya yi mata bayani mai tsawo, wanda ƙarshensa shi ne gyara sai an je ofis da ƙafa, kuma ofishin da aka yi haihuwar a ƙasarsa, wato Faskari. Ya ce da zai raka ta, amma wa zai tsare shago. Ranar ta wuce a neman mota, direbobi suka ce rana ta yi, ba mai bin hanyar nan da yamma. Larai ta wanke kwanukan da ta riga ta wanke, ta share tsakar gida sau uku. Yaron ya kira sau shida, kowane kira da tambaya ɗaya.

Laraba da sassafe ta shiga mota. Aka jira ta cika, da ta cika aka jira wasu motocin don a tafi a jere. A hanya ba mai magana, kowa idonsa na kan daji. Larai kuwa bakinta ne ke motsi. Matar da ke zaune kusa da ita ta ɗauka tasbihi take, har ta ce Allah ya karɓa. Gwajin faɗin sunan take yi ba sauti, kuma ko a hakan harafin farko ne kawai ke fitowa.

Ma'aikaciyar rajistar a sakatariyar Faskari, Hajiya Sa'adiya, mace ce mai tabarau da ta kusa ritaya, jiya ta dawo daga wani aiki a Sabuwa, tarin fayil na jiranta. Ta karanta takardar Gide, ta ajiye.

"Baiwar Allah, nan an rubuta ke kika shaida sunanshi Nasir. Yanzu kin ce ba haka ba. To mi ne sunan?"

"Sunan surukina ne, Hajiya."

"Allah ya jiƙanshi. Ban san shi ba."

"Duk Mairuwa an san shi. Mai gonar rake ta bakin ruwa."

"In rufe ofis in tafi Mairuwa ke nan?"

Larai ta ciro waya. "Bari in kira shi yaron ya faɗa miki da bakinshi."

"Shi yana wurin ranar da aka raɗa suna, amma ban jin ya riƙe. Rantsuwar taki ce. In wani ya faɗa na rubuta, abin da ya kawo ki nan muka maimaita."

Larai ta fita baranda. Ta duba bencin ko akwai wata 'yar Mairuwa, babu. Ta je bakin ƙofar sakatariya ta dawo. Ta tuna uwar mijinta, wadda ta yi shekara hamsin tana kiran babban ɗanta "mutumin nan" har ta koma ga Allah, mutane na yabonta da kunya. Ita ba wanda ya taɓa tambayarta takarda. Waya ta sake ƙara, Larai ba ta ɗauka ba. Ladan ya kira azahar, saura yini guda cif.

Da ta koma, akwai maza biyu a ofis da wani dattijon masinja. Hajiya Sa'adiya ta dube ta ta saman tabarau.

"Malamai, ku je ku yi salla, fayil ba ya gudu. Baba, ja mana ƙofar."

Suka fita. Hajiya ta tashi ta juya baya, ta buɗe kabad tana ta laluben abin da ba ta nema.

"Ni ma ina da nawa," ta ce da kabad ɗin. "Injiniya nake ce mishi, ko keke bai iya gyarawa ba. Ina jin ki."

Larai ta riƙe bakin tebur. Fanka na juyawa a sama ba iska.

"Yahuza."

Muryar ta fito kamar ta aro. Ta jira wani abu ya faru. Abin da ya faru shi ne Hajiya ta dawo kujera, ta rubuta, ta miƙo mata tawada ta dangwala yatsa, Hajiya ta buga hatimi sau biyu. Shekara ashirin da ɗaya, kuma sunan bai kai tsawon atishawa ba.

Hajiyar da kanta ta ɗauki hoton sabuwar takardar ta tura Katsina, ta ce a ba direba ta ainihin gobe da asuba. Larai na fita baranda waya ta yi ƙara.

"Ta shigo, Inna, sun ce in kawo ta ainihin gobe kafin azahar. Daidai ne wannan." Sai kuma ya ce, "Wa ya faɗa musu sunan?"

"Kai, ka ci abinci kuwa?"

"Inna, tambayarki na yi."

"Ka tsaya tasha da wuri ka karɓi takardarka."

Ta kashe wayar, ta cusa takardar cikin hijabi, ta nufi tasha da sauri, don an ce motar Kankara ta ƙarshe saura mutum biyu ta cika.