Kujera a Mashayar Tsaye

Ƙafar kujerar ta maƙale a kwanar matakala. Fumie ta ja, ta sake ja, har fentin bango ya ɓare, ba ta ko tsaya dubawa ba. Ta sauko da ita da baya da baya tana haki, ta kai ta can kusurwar ƙarshe, ta ɗora mata matashi mai shuɗin fure.

"Mama, ƙaura za a yi ne?" Gonda ne, mai gyaran kekuna na tsallaken titi, wanda kullum yake ɗaga labulen ƙofa tun ba a gama buɗewa ba.

"Kawu Hatanaka zai zo yau."

Gonda ya dubi kujerar, ya dube ta, ya sosa ƙeya. "To, kin fi ni saninsa."

Shagon ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Osaka, duk jirgin da ya wuce sai kofuna sun yi rawa. Tun zamanin mahaifin Fumie ba a taɓa zama a cikinsa ba. Mutum zai taso daga aiki, ya zuba 'yan canjinsa a ƙaramin kwano, ya sha kofi ɗaya ko biyu na giya da ɗan farantin awara ko dafaffen wake, ya kama gabansa. In wuri ya cika, mai shago ta ce, "A karkace!" sai kowa ya juya gefe, ya ba kantar kafaɗa ɗaya, a manne da juna kamar kifin gwangwani. Arhar wurin ke nan, kuma abin alfaharin masu zuwa ke nan.

Kusurwar ƙarshe kuwa ta Hatanaka ce. Tsohon mai walda ne a wurin ƙera jiragen ruwa, kuma tun Fumie tana yarinya mai ɗaukar kwalabe take ganinsa a nan, gwiwar hannu a kan katako, yana yi wa duniya faɗa. A hunturun da ya wuce ya zame a gidan wanka na unguwa, ƙashin ƙugunsa ya karye. An yi aiki, an sallame shi, likita ya ce in bai riƙa takawa ba, da gado za su ƙare rayuwa. Shi kuwa ya juya wa bango fuska. 'Yarsa Mitsuko ta yi lallashi, ta yi kuka, sai jiya ta bugo waya ta ce ya yarda ya fita sau ɗaya, kuma nan kaɗai ya ce a kai shi. "In yau bai yi daɗi ba, Yaya Fumie, ba zai ƙara fita ba. Na san halinsa."

Shi ya sa tun safe Fumie ta ɗora farfesun jijiyar shanu, wanda tsohon yake so, ta kuma tuno da kujerar ɗakinta.

Wajen la'asar Tsuruta mai kifi ya shigo da ƙarninsa, sai Ebihara, dogon ma'aikacin gidan waya da ya yi ritaya, wanda ya daɗe yana satar kallon kusurwar nan. Daga su sai Gonda. Suna cikin gardamar ƙwallo aka ji wani abu yana ƙwanƙwasa dutsen titi a hankali, ƙwas, shiru, ƙwas. Mitsuko ta ɗaga labule.

Hatanaka ya rame. Rigar da ya cika a da yanzu tana lilo a jikinsa, hannayensa biyu riƙe da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu. Amma ya yi aski, ya sa hularsa ta fita. Fumie ta yi maza ta tarye shi.

"Sannu da zuwa, Kawu! Ga wurinka can."

Ya bi hannunta da kallo har idonsa ya sauka a kan kujerar da matashinta. Jirgi ya wuce a sama, kofuna suka yi rawa suka gama.

"Ta wace ce waccan?"

"Don ka ɗan huta ne, Kawu..."

"Ubanki ya taɓa korar mutum daga nan don ya zauna a kan akwatin kwalabe. Ina tsaye a wurin." Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ta tashi da ya fi sauƙi. "Asibiti na baro, Fumi. Ban san kin buɗe wani ba. Mitsuko, mu je."

Juyawar ma sai da ta ɗauke shi lokaci, kowa kuma ya sunkuyar da kai a kan kofinsa. Labule ya rufe.

Kunya ta rufe Fumie, sai haushin kanta ya biyo baya. Ita da ta tashi a wannan shago, ita ce ta nuna wa mutumin a gaban abokansa cewa ya gama yayi. Ta kashe wutar farfesu, ta cicciɓi kujerar, ta jefa ta ta ƙofar baya kan buhunan gawayi, ta fita da gudu ko rigar aiki ba ta cire ba.

Ba su yi nisa ba, mai irin wannan tafiya ba ya nisa. Ta sha gabansa a bakin shagon magani.

"Na yi wauta, Kawu. Na fitar da ita."

"Matsa min."

"Ba zan matsa ba. Tun asuba nake dafa jijiya, wa zai ci? Gonda ba shi da haƙora."

"Ki ba karnuka."

"To shi ke nan, Ebihara zan ba kusurwar. Da ma tun da ka kwanta yake auna ta da ido."

Tsohon ya ɗago kai. "Wannan dogon banzan? Mai shan kofi ɗaya ya yi awa yana labarin jikokinsa?"

"Shi fa. Har ya ce a can iska ta fi kaɗawa."

Mitsuko ta buɗe baki za ta yi magana, Fumie ta taka mata ƙafa.

"Ji nan, Kawu. Ba kujera, ba akwati, ba mai riƙe ka. Rabin kofi, a tsaye, kamar kowa. In ka faɗi ka faɗi, in na tashi shara in haɗa da kai da ɓawon wake."

Ya daɗe yana kallonta. Sai ta ga abin da ke bayan fushin: tsoro ne, tsoron ya zube a gaban mutanen da suka san shi da ƙarfinsa.

"Bakinki irin na uwarki," ya ce, ya fara juya ƙarfen.

A bakin ƙofa wata matsalar ta taso. Ƙarfen dogarawar ya fi lungun da ke tsakanin kantar da bango faɗi. Mitsuko ta ce a ɗaga ƙarfen a shigar, tsohon ya ce a jingine shi a wurin laima. Ya kama bakin kantar da hannu biyu, ya riƙa jan ƙafa, ya wuce Gonda, ya wuce Tsuruta. Ebihara ya ja da baya har da rusunawa, ya samu harara a matsayin tukuici. Da ya isa kusurwar gumi ya jiƙa masa hula.

Fumie ta zuba masa rabin kofi, ta ajiye farfesu. Ya saki hannu ɗaya zai ɗauka, nan take ta ga gwiwarsa ta hagu ta fara kaɗawa, ƙugun yana zamewa gefe. Mitsuko ta yunƙura daga bakin ƙofa. Idan ta taɓa shi, an gama. Idan ba a taɓa shi ba, ƙasa zai kai.

Fumie ta buga ludayi a bakin tukunya.

"A karkace! Wuri ya cika, a matsa ciki!"

Mutum huɗu ne kacal a kantar da ke ɗaukar ninkinsu sau uku. Ebihara ya waiga yana neman cunkoson, sai Gonda ya zungure shi. Tsuruta ne ya fara ganewa: ya ɗauki kofinsa, ya juya gefe, ya manna faffaɗar kafaɗarsa a ta tsohon har ya tura shi jikin bango. Gonda ya zagayo ya tsaya a baya wai yana duba farashin da ke manne a bango, cinyarsa tokare da ƙugun da ya karye. Ebihara ya danno daga ƙarshe, dogon hannunsa a kan katako kamar shinge. Ba wanda ya kalli Hatanaka, ba wanda ya miƙa hannu. Suka ci gaba da gardamar ƙwallo daga inda suka tsaya.

Kofin ya kai baki. Ya kurɓa, ya lumshe ido, ya sake kurɓa. Ya ɗauki jijiya ɗaya ya tauna a hankali.

"Gishiri ya yi yawa."

"Harshenka ne ya lalace da abincin asibiti."

"Kai kuma, Tsuruta, ba ka wanka ne? Duk ka shafa min ƙarni."

"Yi haƙuri, Baba, ba wuri ne."

Mitsuko ta juya ta fuskanci labule, kafaɗunta suna motsi.

Ya shanye rabin kofin a tsaye, ya kife hannu a kan kofin alamar ya isa, ya ciro canji ya zuba a kwano da kansa. Sannan ya dubi dogon katakon da ya miƙe babu kowa har bakin ƙofa, ya dubi mutum ukun da suka matse shi a jikin bango.

"Shagon nan ya lalace da cunkoso," ya ce. "Gobe da wuri zan zo, kafin waɗannan 'yan zaman banzan su cika shi."

Fumie ta ɗauki kofin ta tsoma a ruwa.

"Ko da wuri ka zo, Kawu, a cike za ka same mu."